Curin Fura Biyar

Haƙorina na gaba ya karye rabi, kuma har yau ban gyara shi ba. Wanda duk ya tambaye ni nakan ce faɗuwa na yi, don ba kowa nake iya ba labarin ba. Gindin bindiga ne ya karya shi. Amma wallahi ba haƙorin ne ke hana ni sukuni ba, fura ce, curi biyar da na yi da hannuna.

Mu mutanen wani ƙauye ne tsakanin Isa da Sabon Birni, ba nisa da Turba. Na koma gidan Baba bayan an harbe mijina a hanyar kasuwa. Innarmu ta daɗe da rasuwa, ƙannena maza biyu suna ci-rani, saboda haka ni ce tuwon Baba, ni ce wankinsa, ni ce kuma abokiyar faɗansa. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Yakan ce ba sunan kaɗai na ɗauko ba, har bakin nata na kwaso duka. Gaskiya ya faɗa, ni ba na iya ganin abu in yi shiru.

Akwai halin Baba guda da ya kamata a sani tun yanzu. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ya sha fura shi kaɗai ba. Sai an kai ƙwarya zaure, an sa ludayi guda, a yi ta miƙawa hannu zuwa hannu, shi kuma a ƙarshe yake sha. In babu kowa, zai zauna ya tsare ƙwaryar har furar ta kwanta, yana leƙen hanya ko Allah zai kawo mai wucewa. Wanda ya fi zama da shi shi ne amininsa tun ƙuruciya, wani makiyayi da rugarsu ke bayan gari, muna ce masa Baffa. Matar Baffa ce ke kawo mana nono, kafin a kore musu shanu a bar su da turke.

Ciwon ya fara ne wata damina, Baba na alwalar la'asar. Buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya ɗan karkace, ya kira ni maganar ta harɗe. Kafin in gama salati ya sake, har yana dariya wai gajiyar noma ce. Nan da nan gida ya cika da masu ilimi. Wannan ta ce iska ce ta buge shi a yi masa hayaƙi, wancan ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho a zuƙe mugun jinin. Na ce duk wanda ya kawo ƙaho gidan nan shi za a fara yi wa. Washegari na ɗora shi a mashin sai asibiti a Isa.

Likitan ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya duba, ya sake aunawa, sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Ke ce ɗiyarsa?"

Na ce ni ce.

"To ki saurara da kyau. Hawan jini gare shi, kuma ya daɗe. Abin da ya faru jiya sallama ce ciwon ya yi a ƙofa, bai shigo ba tukuna. In ya shigo, ɓarin jiki yake ɗauka."

Ya rubuta ƙwayoyi iri uku. Ɗaya ta saukar da jinin, ɗaya 'yar mitsitsiya mai hana jini yin gudaji, ɗaya ta rage kitsen da ke toshe jijiya. Ya ce kullum ne, ko Baba ya ji garau, ko ya ji zai iya kokawa, kada a tsallake. Ya ce a rage gishiri da kanwa da dunƙulen miya. Baba ya ce to me ya rage a miyar, likita ya ce rai ne ya rage.

Kai, na sha fama da tsohon nan! Sati biyu ya ce ya warke, a ajiye sauran don wata rana. Na kama shi rannan ya ɓallo ƙwaya guda yana miƙa wa maƙwabcinmu mai ciwon kai, kamar goro. Daga ranar na ƙwace maganin na zuba a gwangwani na ɓoye a ɗakina. Kowace safiya bayan ya karya, in zo da ƙwaya uku a tafin hannu da moɗar ruwa, in tsaya a kansa.

"Buɗe baki in gani."

"Haba Uwata, ni yaro ne?"

"Ka fi yaro, yaro yana jin tsoro."

Sai ya buɗe, yana dariya. Kowane wata nake bin hanyar da anka kashe mijina in je Isa in karɓo sabo. Kaka biyu munka yi haka, ko ciwon kai bai yi ba.

A kaka ta uku mutanen daji sunka zo. Haka muke ce musu, ba mu kama wani suna da ƙarfi. Sun ƙwace gonaki can cikin daji, in gero ya nuna sai su shigo ƙauyuka su kwashi maza su girbe musu. Hantsi bai gama ɗagawa ba munka ji rugugin mashina, kafin mu tantance ta ina suke, harbi ya tashi ta gabas. Ina cikin ɗaki ina buɗe gwangwani. Na leƙo na ga suna fito da maza daga zaure zuwa zaure da bulalar wayar wuta. Ɗan maƙerin garinmu ya ɓalle da gudu ya nufi karan dawa, sunka harbe shi a baya, ya faɗi ruf da ciki, takalminsa guda ya yi gaba. Uwarsa ta tafi za ta faɗa kansa, wani ya tare ta da ƙafa a ƙirji.

Sun tara mutum goma sha huɗu a bakin masallaci, har da Baba da Baffa. Baba bai sha maganin ranar ba. Ban san lokacin da na fita ba, ƙwaya uku a hannuna, ina kiran a tsaya. Wani dogo mai rawani har hanci ya daki hannuna da bakin bindiga, ƙwayoyin sunka watse a ƙasa. Ya tsuguna ya ɗauki guda, ya ja rawanin ƙasa, ya tauna, ya tofar.

"Wannan ba ta sa komai," in ji shi. Ya murje sauran da takalmi.

Baba ya ce, "Koma gida, Uwata." Bai ɗaga murya ba. Sunka tasa su gaba a ƙasa, mashina na biye da su.

Kwana biyu ina zaune da gwangwani a cinya. In na rufe ido fuskar likitan nake gani yana cire tabarau. A rana ta uku sunka sako wani da ƙafarsa ta kumbura ba ya iya aiki, da saƙo. Mata su kawo abinci gindin tsamiyar bakin rafi gobe da hantsi, sau ɗaya tak, don aikin saura kwana biyar. Ya ƙara da cewa kada wadda ta kuskura ta zo da magani. Duk ƙwayar da sunka gani ƙwacewa suke, wata su haɗiye, wata su kai wa masu rauninsu, mai kawowa kuma ta sha duka.

Nan dabara ta zo mini, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai, Allah ya yafe mini. Na surfa gero, na wanke, na daka da citta da kanumfari, na dafa, na kirɓa har ta yi laushi. Na cura manya-manya guda biyar, ɗaya don kowace rana. Kowanne na huda shi da babban yatsa, na tura ƙwaya uku can ciki, na liƙe bakin, na mirgina shi a gari har babu alama. Na jera su a ƙwarya na rufe da faifai. Na ce a raina ɗan banzan da zai gane wannan ba a haife shi ba.

Mu tara munka tafi, duk manyan mata, ni ce ƙarama. Wasu da tuwo, wasu da ɗanwake, matar Baffa da dafaffen wake a ƙulle a tsumma. Mun tarar da mazan zaune a rana, ba a inuwar tsamiyar ba, inuwar ta masu bindiga ce. Kwana huɗu kawai, amma sai da na duba sau biyu kafin na gane Baba. Leɓɓansa sun tsage, bayan rigarsa ya manne da jini a jere-jere.

Dogon nan mai rawani shi ke bincike. Yana buɗe kwano, ya tona da yatsa, ya tura gefe. Da ya zo kaina ya ɗaga faifan, ya ɗauki curi guda ya jinjina, ya kai hanci. Na ga babban yatsansa ya fara nutsewa a ciki. Da ya ƙara dannawa kaɗan zai fasa shi biyu.

Na ce, "In yunwa kake ji ka ce, ba sai ka jagwalgwala abincin tsoho da hannun da ba ka wanke ba."

Ban ga tahowar bindigar ba. Ƙara kawai na ji a cikin kaina, sai ga ni durƙushe, bakina cike da jini da wani abu mai tsini a kan harshe. Ya ƙara mini ɗaya a kafaɗa. Matar Baffa na ta ba shi haƙuri da Fulatanci da Hausa. Jinin bakina ya zuba cikin ƙwaryar, ya ɓata furar duka. Ya jefa curin da ke hannunsa ciki, ya ce in ɗauke ƙazantata in kai wa ubana.

Da rarrafe na isa. Baba ya kama fuskata da hannu biyu. Na sa bakina a kunnensa na faɗa masa dalla-dalla, ba kwana-kwana.

"Maganinka na cikin furar. Kowane curi da na kwana guda. Ɗaya kullum, kai kaɗai. Baba, kai kaɗai. Ka ji?"

Ya ce, "Na ji, Uwata."

Na dawo gida da kumburarren baki, amma zuciyata wasai. Har na riƙa lissafi, yau ya sha na farko, yau na biyu. Mata na zuwa yi mini sannu ina ce musu haƙori ai ba komai ba ne.

A rana ta biyar da la'asar anka shigo da shi a amalanken shanu, mutum ke ja don babu shanun. Baffa na tafe a gefe yana riƙe da kansa. Bakin Baba ya koma gefe guda, miyau na zuba, hannunsa na dama na lilo a bakin amalanken. Idonsa biyu, yana kallona. Na kira shi, ya buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ce. Na yi ihun da sai da anka riƙe ni.

Babu mai mashin da ya yarda ya hau hanya da yamma, sai da gari ya waye munka kai shi Isa. Likitan nan ne dai. Ya ɗaga hannun Baba ya saki, ya faɗi. Ya tambayi yaushe abin ya same shi, Baffa ya ce jiya da hantsi. Likitan ya girgiza kai, ya ce irin wannan ciwo awoyin farko ake tsere da su, mu kuwa mun kwana. Za su yi abin da za su iya don kada ya sake bugawa, amma abin da ya tafi sai a hankali, in ma zai dawo. Sannan ya tambaye ni kwana nawa Baba ya yi babu magani.

Na ce huɗu ne kawai, daga nan na kai masa na kwana biyar a cikin fura.

Baffa ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ɗiyata, zo waje."

A gindin wata bishiya a harabar asibitin ya faɗa mini. Da ya juya zai zauna na ga bayansa, babu wurin sa yatsa don shatin bulala. Ya ce muna barin gindin tsamiya mutanen daji sunka tattara tuwon da ɗanwaken da waken duka sunka cinye a gabansu. Furata kaɗai sunka bari, saboda jinin. Mutum goma sha uku, rabonsu da abin kirki tun ranar da anka kama su, sai ɗanyen gero da suke murzawa a ɓoye su watsa a baki. Kowa ya zuba wa ƙwaryar ido.

"Ya faɗa mini abin da ke ciki," in ji Baffa. "Na ce ya ɓoye a riga, ya riƙa ci a bayan dami. Ya ɗauki curi guda ya fasa, yana neman ƙwayoyin da yatsa, wai ya cire su ya ajiye, furar kuma a raba. Ɗiyata, babu ƙwaya. Sun narke, sai ɗan fari-fari a tsakiya da ya bi jikin furar. Ya fasa na biyu, haka. Ya daɗe yana kallonsu."

Na ce, "Sai me?"

"Sai ya kankare inda jininki ya taɓa, ya ce a ɗebo ruwa a rafi. Ya dama su duka biyar. Ya ce akwai ɗan magani a ciki, ba mai kisa ba ne, kowa ya yi bisimilla. Babu ludayi, da ƙwaryar anka riƙa zagayawa. Kin san shi. A ƙarshe ya sha, abin da ya rage bai fi kurɓi biyu ba."

Sauran kwanakin babu ko ƙwaya guda, ga rana, ga duka, ga dami a ka. Ranar ƙarshe yana ɗauke da dami ya tafi luu ya faɗi. Sunka ce lalaci ne, mutum biyu sunka hau shi da bulala wai ya tashi. Baffa ya kwanta a kansa, suna dukan Baffa, har wani cikinsu ya lura da bakin ya ce a bar shi, wannan ya gama.

Ban yi kuka ba a lokacin. Haushi ne ya cika ni har wuya. Na ji haushin mutanen daji, wannan daban, shi za ni mutu da shi. Na ji haushin kaina, mace da girmanta ba ta san ƙwaya na narkewa a danshi ba, ko ƙulla su a 'yar leda ban yi ba. Amma wanda ya fi ci na shi ne na Baba. Shekara arba'in ina kallon mutumin nan yana tsare ƙwarya yana jiran mai wucewa, sannan in ɗauki ransa in sa a cikin fura, in ce ya sha shi kaɗai a gaban mayunwata goma sha biyu. A cikin komai na duniya, fura!

Ba mu koma ƙauye ba. Mun sami ɗaki guda a Isa, a gidan wata 'yar'uwar Innarmu. Bayan sati uku wani daga cikin waɗanda anka kama tare da su ya zo duba Baba. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa yana mini godiya, wai furar nan tawa ita ta riƙe su, ba don ita ba da wasunsu ba su kai ba, ko da yake ta ɗan yi ɗaci. Taɓarya na kusa da ni. Allah ne ya taimake shi, ya taimake ni, na ce ya gaida gida kawai na shige.

Na tarar da Baba kwance yana kallon rufin ɗaki. Na tsaya a kansa na sauke masa duka. Na ce ka ce mini ka ji. Na ce haƙorina na bayar, hanyar da ta ci mijina na bi wata da watanni, duk don kada ka kwanta haka. Na ce su ga su nan suna yawo da ƙafafunsu suna godiya, kai ko tsarki sai an yi maka. Na ce da ka ci a ɓoye wa zai sani? Ya yi ta motsa baki, jijiyar wuyansa ta tashi, da ƙyar kalma biyu ta fito.

"Suna... kallo."

Na fita na bar masa ɗakin. Ranar ban yafe masa ba, kuma ba za ni yi ƙarya in ce yau na gama yafewa ba.

Yanzu ƙwayoyin sun zama huɗu. Kowace safiya nakan tashe shi zaune, in jingina shi da bango, in sa masa su a harshe ɗaya bayan ɗaya da ruwa tsabta, ba a cikin komai ba. In ce buɗe baki in gani, ya buɗe rabin da ke buɗuwa. Ina motsa masa hannu da ƙafa yadda anka koya mini a asibiti. Ƙafar ta fara jan ƙasa, hannun dai shiru.

Fura ce ya ƙi. Kunu yana sha, tuwo in na tausasa yana ci, amma in na dama fura na kawo sai ya kau da kai. Baffa ya bi danginsa ya ƙetara Nijar, gidan da muke kuma babu namiji da rana, babu zaure, babu mai wucewa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce da nono mai kyau na dama, a banza. Ya yi ta ramewa ina kallo.

Rannan na ajiye ƙwaryar a gabansa na ce in ya ga dama ya sha, in bai ga dama ba kaji su sha, ni na gaji. Na juya za ni fita sai na ji ƙarar ludayi a jikin ƙwarya. Da hannun hagu ya kama shi, hannun da bai taɓa kai wa abinci ba tunda aka haife shi. Ya ɗebo, rabi na zuba a tabarma, ya miƙo mini. A gidanmu ɗiya ba ta shan fura ƙwarya ɗaya da ubanta, ban taɓa ba, ban taɓa ganin an yi ba.

"Uwata," ya ce. Wannan karon ta fito sarai.

Na durƙusa na karɓa na sha, sanyinta ya soki karyayyen haƙorin har cikin kaina. Na mayar masa da ludayin. Sai da ya ga na haɗiye sannan ya ɗebi nasa.